Shekarar da Rogo Ya Kusa Raba Ni da Mahaifiyarku

Ya ku 'ya'yana da jikokina, yanzu na iso ga shekarar da na fi so ku karanta a natse, domin ita ce shekarar da aka fi yi wa gidanmu ƙarya a kanta. Na sani har yau akwai tsofaffin bakuna a unguwarmu ta Sabo, nan Ibadan, waɗanda idan an ambaci mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, sai su sassauta murya su fara zance su bar shi a rataye. Ɗaya daga cikinku ta taɓa dawowa daga gidan suna tana kuka saboda irin wannan rabin zance. To ga cikakkensa, daga bakin mutumin da aka yi abin a zaurensa.

A shekarar da aka fara yaƙin basasa ni maigidan fataken shanu ne, kuma ba na jin kunyar faɗa muku cewa gidana yana cikin waɗanda ake nunawa da hannu. Ku da kuka tashi a ofis ba ku san wannan sana'a ba, saboda haka bari in bayyana. Falke yakan taso daga Arewa da garkensa ya sauka a gidana. Ni ne masaukinsa, ni ne mai tsaya masa a kara, wato kasuwar shanu, gaban mahautan Yarbawa, ni ne kuma mai ciyar da shi da mutanensa har ranar da zai juya. Duk sana'ar amana ce, amanar kuwa daga abinci take farawa, domin mutumin da ya bar iyalinsa a nesa ba ya sakin jiki sai a gidan da yake cin tuwonsa ba tare da ya duba cikin kwanon ba. Tuwon gidana kuwa hannun mahaifiyarku ne, Rabi. Daga ƙasar Kano na auro ta, ba ta daɗe ƙwarai a Ibadan ba, tana cikin kulle, Yarbancinta bai wuce gaisuwa ba. Amma idan ta kaɗa miyar kuka, fataken da suka sauka a wasu gidaje sukan ƙirƙiro dalilin zuwa gaishe ni daidai lokacin da ake fito da kwanuka.

Shekarar ta zo mana da ƙunci. Jirgin ƙasa ya koma hidimar soja, manyan motoci ba su da tabbas, gero da dawa suka yi wuyar gani. Wannan kasuwar Bodija da kuke zuwa ku tarar da hatsin Arewa jibge, a lokacin babu ita. Mutane da yawa sun tura iyalansu gida, mu da muka rage muna kwana muna tashi da jita-jita. Yau a ce an zuba wani abu a rijiyar wane, gobe a ce kada a sayi gishiri a wurin wance. Ban taɓa ganin ɗaya ta tabbata ba, amma zukata sun riga sun jiƙu da zargi, kowa yana kallon kowa ta gefen ido.

A cikin wannan hali ne babban baƙona ya iso, Alhaji Mamman, mutumin ƙasar Katsina, wanda shi kaɗai garkensa yakan cika mini rabin shekara. Mutum ne mai kyauta, mai kuma zafin baki. Cikin masu koro masa shanu a ƙasa har da ƙanen mahaifiyarku, kawunku Ɗanladi. A hanya wani bijimi ya tsaga masa ƙwauri da ƙaho, kafin su iso ciwon ya ruɓe yana wari, tafiyar garke ta yi jinkiri saboda shi. Alhaji Mamman ya tsaya a tsakiyar kara, gaban Hausawa da Yarbawa, ya kira shi gurgu mai cin tuwon banza, ya ce ya sallame shi. Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya biyo ni gida. Na kai shi wurin wani mai kantin magani a unguwar Mokola, aka wanke ciwon, aka ba shi kafso irin mai ja da rawaya. Ya kama haɗiyarsa safe da rana da yamma kamar mai cin gyaɗa, har ƙafar ta fara kamewa.

Wata safiya hatsi ya ƙare mana ƙaf, ni kuma na yi sammako zuwa kara. Ɗanladi, don ya nuna shi ba mai cin banza ba ne, ya ɗingisa har Mokola neman abin da za a dafa. Ya tarar da wata tsohuwa Bayarbiya da tarin rogo irin wanda bai taɓa gani ba, kowane ɗaya kamar cinyar ƙato. Ya cika kwando ya kawo wa 'yar'uwarsa. Ita kuwa ta yi murna, domin ta tuna gida. Ta fere, ta yanyanka manya-manya, ta dafa kamar yadda uwarta da kakarta suke dafa rogo, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta zuba man gyaɗa, aka fitar wa baƙi da hantsi. Ita ba ta kai ko loma bakinta ba, domin tana ramuwar azumi. Baƙin suka zauna suka ci, Ɗanladi yana cikinsu a kwano ɗaya. An ce Alhaji Mamman ya ce yana jin ɗan ɗaci-ɗaci, sai ya ƙara yaji, ya kuma fi kowa ci.

Ana kiran sallar azahar aka aiko mini kara cewa in zo gida da gudu. Na tarar da zaurena kamar an yi yaƙi a ciki. Maza manya kwance, wannan yana amai, wancan ya riƙe kai yana cewa ɗakin yana juyawa da shi. Alhaji Mamman ya fi kowa jin jiki, yana haki sama-sama, idanunsa sun kafe, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Mutum ɗaya ne kawai yake tsaye garau yana ɗebo ruwa yana yi musu fifita, shi ne Ɗanladi. Muka tare mota muka kwashe su zuwa babban asibitin gari. Allah cikin ikonSa bai ɗauki ran kowa ba, amma an sha wuya kafin Alhaji ya dawo hayyacinsa.

Kafin in dawo daga asibiti an riga an gama shari'a a bakin titi. Ƙane ya sayo, 'yar'uwa ta dafa, ita ba ta ci ba, shi ya ci bai faɗi ba, wanda ya fi kowa jikkata kuma shi ne wanda ya tozarta ƙanen a bainar jama'a. Aka ce sammu ne, aka ce ta ba ɗan'uwanta makari tun da safe. Ku sa kanku a matsayin mutanen nan ku gani, ba wawaye ba ne, hujjojin sun jeru kamar an tsara su. Matan da suke aiko yara karɓar wuta a gidanmu suka daina. Sauran baƙina suka fara sayen abinci a waje suna ci a ɓoye, kwanukanmu suna komawa ciki a rufe yadda suka fito.

Sai ga yayana, Yaya Sule, wanda shi ya kawo ni Ibadan, shi ya ɗora ni a kan sana'a, wanda ban taɓa musa masa ba tun ina yaro. Ya zauna a kan buzuna, ya ƙi karɓar ruwa.

"Garba," in ji shi, "ba dogon zance na zo yi ba. Sake ta."

Na ce, "Yaya, a kan me?"

"A kan me? Ka fita ka tsaya a ƙofar gidanka ka saurara. Ni ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba. Amma falke ba ya sauka a gidan da ake shakkar tukunyarsa. Ka sa ta a mota ita da gurgun ƙanenta, Alhaji ya huce, gida ya tsira. Mata ba su ƙare a Kano ba."

Na ce ya ba ni lokaci in bincika.

"Bincike! Kai ɗan sanda ne? Kafin ka gama bincikenka zaurenka ya zama wurin kwanan awaki."

Da ya tafi na shiga ciki. Na tarar da mahaifiyarku zaune a bakin murhu wanda ba wuta a cikinsa, ta riga ta ɗaure kayanta a zane. Ta ji duk abin da aka faɗa, domin katangar ba ta da kauri. Ba ta yi kuka ba, wannan mata ba ta iya kuka a gaban mutum ba.

"Malam," ta ce, "idan tafiyata za ta gyara maka gida, ba sai an kore ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka bari a gaya wa 'ya'yana cewa uwarsu ta zuba wa baƙo guba."

Na ce, "Rabi, me kika sa a rogon nan?"

"Ruwa da gishiri. Sai abin da ka sani, ƙuli da yaji da mai."

Na ce, "Kwance kayanki. Wanda zai fitar da ke daga gidan nan sai ya fara fitar da ni."

Na faɗi wannan magana ban san ta inda zan ɓullo ba. Abin da na sani kawai shi ne na zauna da matar nan na ga yadda take kwashe tururuwa daga bakin murhu kafin ta hura wuta.

Washegari na ɗauki ragowar ɗanyen rogon a kwando, na tasa Ɗanladi gaba, muka koma asibiti wurin likitan da ya duba su Alhaji. Bayarabe ne, amma a Zariya ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan Sabo na yanzu tsabta. Ya ɗauki rogo ɗaya ya karya, ya shinshina, ya taɓa a harshe ya tofar. Ya tambaye ni yadda aka sarrafa shi. Da na gaya masa an fere an dafa an ci, sai ya dafa kai.

"Malam, ai wannan ba rogonku na Arewa ba ne. Naku mai zaƙi ne, a dafa a ci. Wannan mai ɗaci ne, na yin garin kwaki da alabo. Mutanen nan ba sa kai shi baki sai sun jiƙa shi ya kwana ya kwana har ya yi laushi ya yi tsami, ko su gurza shi su matse su soya."

Na ce, "To ai an dafa shi, likita. Wuta ba ta kashe guba?"

Sai ya jawo kujera ya zauna, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba, ga shi kuwa yadda na fahimce shi. Ya ce gubar da ke cikin wannan rogo a kulle take, kamar kaya a cikin adaka, muddin ba a buɗe ba ba ta cutarwa. Shi rogon da kansa yana ɗauke da mabuɗinta. Idan an gurza shi ko an jiƙa shi, mabuɗi ya haɗu da kulle, gubar ta fito a waje, ruwa ya tafi da ita, iska da rana su kwashe saura. Amma idan aka jefa shi a tukunya manya-manya, zafi yakan lalata mabuɗin ya bar adakar a rufe, mutum ya haɗiye ta haka nan. To a cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai wasu ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, yawansu ya wuce lissafi, a nan suke zaune tun mutum yana jariri. Aikinsu shi ne sarrafa abin da ya iso gare su na tsirrai. Su ma suna da irin wannan mabuɗi. Su ne suka buɗe adakar a cikin cikin baƙina, shi ya sa ba a faɗi a bakin kwano ba sai da rana ta take.

Na ce, "Ashe maƙiya muke ɗauke da su a ciki."

"A'a, Malam, kada ka zage su. Ma'aikata ne, abin da ka miƙa musu shi suke juyawa. Ka san filasko?"

Na ce wane Bahaushe ne bai san filasko ba.

"To ka lura idan an sha shi ba ya aiki nan take, sai an jima. Jira yake ya isa wurinsu. Su ne suke juya shi ya zama maganin da ke wanke ciki, in ba su ba ganye ne kawai. 'Yan'uwansu na waje kuma su suke mayar da kalwa daddawa, su mayar da madara nono. Ka ba su ganyen kirki su yi maka magani, ka ba su wannan su yi maka abin da ka gani."

Na nuna Ɗanladi na ce, "Wannan fa? Kwano ɗaya suka ci, ga shi tsaye kamar turmi. A kansa ake so a kashe mini aure."

Likitan ya dubi ƙafarsa da ke naɗe, ya tambaye shi ko yana shan wani magani. Ɗanladi ya zaro ƙullin kafsonsa daga aljihu, ya faɗi yadda yake haɗiyarsa. Likitan ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya yi masa faɗa a kan yawan sha. Ya ce wannan kafso ba ya bambance halittun da ke ruɓar da ƙafa da waɗanda ke zaune lafiya a hanji, duka yake sharewa. Ya ce ba zai rantse ba, domin wataƙila kuma bai ci da yawa ba, amma abin da ya fi zato shi ne adakar ta shiga cikin Ɗanladi ta tarar masu mabuɗin ba sa nan, ta wuce a rufe.

Ina zaune ina juya maganar, sai hakin da na ga Alhaji Mamman yana yi ya faɗo mini a rai. Na taɓa ganin irinsa, amma ba a jikin mutum ba. Na ce, "Likita, a wurinmu idan dawa ta yi gyauro, wato ta sake toho bayan an yanke ta, shanu suka ci, haka suke haki su faɗi." Ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, ya ce wannan guba da waccan 'yan gida ɗaya ne, a tumbin saniya ma irin waɗannan halittu suna cikin masu sakinta. Da na fito daga asibitin nan, wallahi ji nake kamar an ɗora ni a kan doki.

Daga nan muka nufi Mokola, Ɗanladi ya nuna mini tsohuwar. Sunanta Iya Sikira. Da na gaya mata abin da ya faru cikin Yarbanci, ta ɗora hannu biyu a ka ta yi salati, sannan ta juya kan Ɗanladi kamar za ta cinye shi. Na roƙe ta ta zo Sabo ta faɗi abin da ta sani. A irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne Bayarbiya ta shigo tsakiyar Hausawa a kan zancen guba, domin zargin yana iya juyawa kanta. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce ita musulma ce, ba za a saki 'yar mutane a kan rogonta tana raye ba.

Aka zauna bayan la'asar a zauren Liman. Dattawan unguwa sun hallara, masu gidaje da fatake, Yaya Sule yana gefe ya haɗe rai. Alhaji Mamman ya zo ana riƙe da shi, ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Ya jero hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da cewa shi ba ya neman komai sai a raba unguwa da macen da ke wasa da ran mutane.

Liman ya ba ni dama. Na fara gabatar da Iya Sikira. Yawancin dattawan suna jin Yarbanci, na fassara wa fatake. Ta ce wannan mai ciwon ƙafa ya zo yana nuna rogo da yatsa, ta gane baƙo ne, ta ce masa, "O koro o! O koro!" wato yana da ɗaci, a jiƙa shi tukuna. Ta ce har sau nawa tana maimaitawa, shi kuwa sai washe baki yake yana buga ƙirji.

Liman ya ce, "Ɗanladi, ta gaya maka haka?"

"Allah gafarta malam, ta faɗa."

"To me ka ce mata?"

"Ni na ɗauka tambayata take ko ni na koro shanun da suka shigo. Sai na ce mata i, ni na koro su, tun daga ƙetaren Jebba."

Zauren nan ya fashe da dariya, har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wani dattijo yana share hawaye ya ce, "Kai Ɗanladi, Allah Ya sa ba ce maka ta yi gidanka na cin wuta ba." Iya Sikira ta ce a tambayi kowane Bayarabe a garin nan ko zai dafa wannan rogo ya ba ko da karensa.

Alhaji Mamman bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Na ji, rogo mai ɗaci ne. To shi wannan da ya ci tare da ni, cikinsa na ƙarfe ne?"

Na kwashe bayanin likita na faɗa, adaka da mabuɗi da ƙananan halittu da kafso, ban rage komai ba, har da cewa likitan bai rantse ba. Na ga fuskoki suna komawa yadda suke. Alhaji ya taɓe baki.

"Wato Garba, so kake ka ce wasu tsutsotsi da ba wanda ya taɓa gani su suka yi mini sammu. Matarka ba ta da laifi, cikina ne mai laifi."

Aka yi 'yar dariya, wannan karon a kaina. Na bari ta wuce. Sannan na gyara zama na fuskance shi.

"Alhaji, kai ka fi ni sanin shanu. In garkenka ya biyo ta gonar da dawa ta yi gyauro, kana bari su sa baki?"

"Allah Ya kiyaye! Wane mahaukaci ne zai bari?"

"Don me? Ai dawa ce, abincinmu ce."

"Dawa ce, amma a wannan lokaci kisa take. Ni da idona na ga shanuna sun ci sun zube suna haki."

"A baki take kashe su, ko sai ta isa tumbi?"

"Sai ta isa tumbi mana."

"Kuma duk garken ne yake faɗuwa?"

"A'a. Wata ta faɗi, wata kusa da ita ta wuce lafiya."

Na ce, "To Alhaji, don girman Allah, wace mata ce ta shiga gonar ta yi wa gyauron sammu? Wa kuma ya ba saniyar da ta wuce lafiya makari?"

Fataken nan duk masu shanu ne, kowannensu ya taɓa kore garke daga gyauro da sanda, kowannensu kuma ya ga hakin Alhaji a zaurena. Na ga suna duban juna suna gyaɗa kai. Alhaji Mamman ya dubi tabarma. Liman ya ce magana ta ƙare, babu sammu, babu mai sammu, akwai rashin sanin rogon ƙasar mutane, wanda kuma ya ƙara jingina wa matar Garba wannan ƙazafi shi da Allah. Ya umarci kowane maigida ya je ya gaya wa iyalinsa bambancin rogon nan da na gida. Ina da yaƙinin wannan umarni ya tsare rayuka a Sabo a shekarun yaƙin, domin ba mu kaɗai hatsi ya yanke wa ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini kyauta. Alhaji Mamman bai ƙara sauka a gidana ba har ya bar duniya. Ba ƙiyayya ba ce, mutum ne da ba ya iya zama a inda aka kayar da shi, ya kuma ja wasu fatake suka bi shi. Gidana bai sake komawa girmansa na da ba, ku da kanku kun tashi kun ga ɗakunan baƙi da muka mayar na haya. Ban taɓa yin da-na-sani ba ko na rana ɗaya. Mahaifiyarku kuwa ta aika aka kira mata Iya Sikira har cikin gida, tsohuwar ta zauna ta koya mata jiƙo da shanya da daka, suna yi da hannu da ido tun da harshe bai haɗa su ba. Kafin yaƙi ya ƙare matan da suka daina karɓar wuta a gidanmu su ne suke aikowa a sayar musu da alabonta.

Saura Yaya Sule. Tun ranar zaman Liman bai tako gidana ba, idan mun haɗu a masallaci sai gaisuwa a taƙaice. Na san halinsa, ban matsa ba. Ran nan wata Juma'a bayan an sauko, zaurena cike da baƙin da suka rage mini da maƙwabta, sai ga shi ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya wuce har bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida, inda wan miji ba ya ƙetarewa, ya tsaya ya ɗaga murya yadda na ciki da na waje za su ji.

"A gaya wa Rabi, ni Sule, ni na ce a sake ta. Bakina ya yi laifi. Ta yafe mini."

Sannan muryar mahaifiyarku ta fito daga bayan katanga, a hankali, ba rawa a cikinta.

"A gaya wa Yaya na ji, na kuma yafe. A gaya masa abinci ya sauka. Tuwon rogo ne, ni na tuƙa."

Wani daga cikin maƙwabta ya ƙyalƙyale da dariya ya yi maza ya haɗiye ta. Yaya Sule ya juyo, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a tsakiyar zaure.

"A kawo," in ji shi.

Aka fito da tuwon alabo yana tururi, da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma babba ya kai baki, jama'a suna kallonsa ba mai motsi. Ya haɗiye, ya sake yankowa, sannan ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kuma me kuke jira? Ku matso, kada ya huce."

Suka matso. Ni ban samu ko loma ba a ranar, kuma ban taɓa jin daɗin yunwa irin wannan ba.